Faɗin Kafireta Ba Shi Ne Gudun Babur Ba

Duk wanda ke zama a garejin gyaran babura a garuruwanmu ya san irin buƙatar da samari masu Vespa da roba-roba kan zo da ita: a ƙara wa inji ƙarfi. Sai a sauya silinda da fistin, a ɗaura salansa mai tsawa, sannan a cire kafireta ta asali a sa wadda ta fi kowace faɗi a shagon kayan gyara. Ra'ayina shi ne wannan mataki na ƙarshe kuskure ne da ke cin kuɗi, yana kashe inji, wani lokaci ma yana jefa rai cikin haɗari. Kasancewar harshe ne fagen karatuna, ina ganin tushen kuskuren yana cikin yadda muke faɗar maganar tun farko.

Mukan ce kafireta tana "ba" inji mai. Wannan aikatau yana sa mutum ya ɗauka cewa famfo ce, idan ta yi girma sai ta ƙara kyauta. Alhali kuwa kafireta ba ta tura komai. Inji ne yake zuƙa. Yayin da fistin ke motsi, yana jawo iska ta cikin maƙogwaron kafireta, wanda aka tsuke shi da gangan a tsakiya. Iskar da ta shiga matsattsen wuri sai ta ƙara gudu, ƙarfin matsinta ya ragu, wannan raguwar ce ke tsotso fetur daga ƙoƙon da ke ƙasa, ta farfasa shi ya zama feshi. Daniel Bernoulli ya bayyana wannan ƙa'ida a 1738, kuma sunan Giovanni Venturi, masani ɗan Italiya, aka laƙaba wa wannan tsukakken maƙogwaro. Ke nan gudun iska shi ne ran kafireta, faɗi kuma abokin gabar gudu ne.

Bari mu yi lissafi mai sauƙi. Lambar da ake kiran kafireta da ita faɗin maƙogwaronta ne a milimita. Kamfanin Piaggio ya fitar da Vespa PX mai cc 150 da kafireta Dell'Orto mai milimita 20, ita kuwa mai cc 200 ya sa mata mai milimita 24. Idan saurayi ya cire mai 20 ya ɗaura mai 28, a ganinsa milimita 8 kacal ya ƙara, amma filin ƙofar ya kusa ninkawa biyu, domin fili yana ƙaruwa ne da ninkin faɗi a kan kansa. Muddin injin bai ƙara yawan iskar da yake zuƙa ba, gudun iskar zai ragu da rabi, ƙarfin tsotson mai kuma zai faɗi zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa za ka ga babur yana da murya kamar zaki, amma da an murɗa totur a mahaɗar titi sai ya shaƙe, ya yi jinkiri, a daidai lokacin da tirela ke tahowa. An tafi neman gira an rasa ido.

Abin da kan biyo baya ya fi muni. Don a rufe wannan shaƙewa, makaniki sai ya sa babban jet, wato 'yar ƙofar tagullar da fetur ke bi. Babur ya koma zuƙar mai kamar rijiya, fulogi ya yi baƙi, hayaƙi ya turnuƙe. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan ba ƙaramar asara ba ce ga ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci. Idan kuma aka bar ƙaramin jet, iska ta rinjayi mai, inji ya ɗauki zafi. Fetur yana ƙonewa tsaf ne idan iska ta kai kusan kashi 14.7 a kan kashi 1 na mai a ma'aunin nauyi, inji mai neman ƙarfi ma ya fi son man ya ɗan ɗara haka. A inji irin na tsohuwar Vespa, inda ake gauraya baƙin mai da fetur, ƙarancin fetur yana nufin ƙarancin abin da ke sanyaya fistin da santsa shi. Ƙarshensa fistin ya kama a tsakiyar gudu, tayar baya ta ƙame, mahayi ya sha ƙasa.

Masu kare wannan al'ada za su ce ai baburan tsere manyan kafiretoci gare su. Gaskiya ne, kuma ban ce kada a taɓa sauya kafireta ba. A Turai, ƙaramin babur mai cc 50 kan fito da kafireta mai milimita 12. Idan aka mayar da shi cc 70 akan sa masa mai 17.5 ko 19, mai 21 kuwa sai injin da aka shirya don tsere. Amma babur ɗin tsere yana rayuwarsa ne a ƙololuwar gudu, inda inji ke zuƙar iska mai yawa. Babur ɗin da zai ratsa cunkoson Kantin Kwari yana tsayawa yana tashi, ƙarfin tashi yake buƙata. Kafireta ƙarama da ta yi daidai takan rage ɗan gudun ƙarshe ne kawai, wanda ba kasafai ake kai wa gare shi ba a cikin gari.

Saboda haka shawarata ga mai babur ita ce ya bar kafireta ta zama abu na ƙarshe da zai taɓa. Ya fara tambayar kansa wane aiki babur ɗin zai yi. Ya bi girman da masu ƙera silindar suka ayyana, idan kuma ya rasa zaɓi tsakanin biyu, ya ɗauki ƙaramar. Ya fara da jet mai ɗan girma yana ragewa sannu a hankali, yana duba fulogi bayan kowane gwaji: baƙi alamar mai ya yi yawa, fari alamar haɗari, ruwan ƙasa shi ne daidai ruwa daidai tsaki. Kada ya cire matatar iska don neman ƙara, domin ƙurar hunturu tana cinye silinda. Ya kuma tuna cewa saitin da aka yi a Legas ba zai dace da Jos ba, wadda ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, inda iska ta fi sirara.

Daga ƙarshe, ina kira ga 'yan'uwana 'yan boko, musamman malaman makarantun fasaha. Makanikanmu suna da kunne da hannu, sun kuma Hausantar da fulogi da totur da salansa ba tare da jiran wani kwamiti ba. Abin da ya rage shi ne a ba su dalilin abin da suke yi cikin harshen da suke tunani da shi. Ɗan littafi mai shafi ashirin da Hausa, wanda zai bayyana cewa inji ne ke zuƙa, zai ceci injuna da aljihuna da ƙasusuwa masu yawa. Wannan aiki namu ne, kuma bai fi ƙarfinmu ba.