Miƙa makulli ba ya sauke nauyin mai gini

Damina ɗaya ta isa ta tona asirin da yawa daga cikin sababbin gidajen da ake sayarwa a rukunin gidaje na Kano da Kaduna da Abuja. Mutum ya kwashe shekaru ana cire masa kashi 2.5 na albashinsa zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, ko ya sayar da gonar gado, ya karɓi makulli. Ruwan farko rufi ya fara yoyo, bango ya tsage, sokawe ya rufta. Ya kira kamfanin da ya gina, sai a ce masa, "Alhaji, ai mun riga mun miƙa." Wannan amsa ce ke ƙona min rai.

A ƙa'idar kwangilar gini akwai wa'adin gyaran aibi, galibi wata shida zuwa shekara, kuma ana riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har wa'adin ya cika. Masu ginin nan sun san wannan sarai, domin suna riƙe wa nasu 'yan kwangilar. Mai saye ne kawai ba a gaya wa. Kuma tun kafin dokar Bature, fiƙihunmu ya ba mai saye damar mayar da haja idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Kowa ya san labarin mai hatsin da Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu cikin tsibinsa ya taɓo jiƙaƙƙe a ƙasa, da hukuncin da ya yanke a kan algus.

Jiƙaƙƙen hatsin zamaninmu yana ƙarƙashin fenti. Fenti! A tatsi buhun siminti ya haifi bulo fiye da ƙima, a rage rodi a linta, a yi filasta da yashi kusan zalla, sannan a kawo fenti mai sheƙi a shafe. A ƙara fitilu masu launi a silin, a sa ƙofar ƙarfe mai ado, a ɗauki hoto a watsa a Facebook. Tsagewar da magini ya gani da idonsa, a cike ta da daddare a shafa mata fenti kafin mai saye ya iso. Wanda ya yi haka ya san abin da ya binne. Shi kuwa dillali ya karɓi la'adarsa ya kashe waya, alhali da bakinsa ya rantse cewa ginin garau yake.

Mai gida ma yana da nasa nauyin. Share indararo da kwata, gyaran famfo, sabunta fenti, duk nasa ne. Inshorar gobara da ambaliya ma tasa ce daga ranar da ya karɓi gida, kuma mai ƙyamar riba ba shi da uzuri tunda akwai kamfanonin takaful masu lasisin hukumar inshora ta NAICOM. Amma lokacin gini, dokar inshora ta 2003 ta wajabta inshora ga ginin da ya haura hawa biyu. Benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rushe a Nuwamban 2021 ya kashe mutum fiye da 40, kuma ana cikin gina shi ne. Kada wani ya kira ha'inci ƙaddara.

Kai mai shirin saye, kada ka biya cikon kuɗi sai injiniya mai rajistar hukumar injiniyoyi ta COREN ya duba ginin, kuma an rubuta wa'adin garanti a takarda, da sa hannun shaidu.