A Sauke Wa Yarinya Faifai, A Bar Mata Basirarta



Yau magana za mu yi a kan talla. Kalma ce guda ɗaya, amma aiki biyu take yi a bakin Bahaushe. Yarinyar da ta ɗauko faifan ƙuli-ƙuli tana zagaya tashar mota a Gurbin Bore, talla take yi. Wanda kuma ya zauna a ofis mai sanyi a Ikko ko Kano yana tsara maganar da za a faɗa a rediyo don a sayi sabulu, shi ma talla yake yi. Ita tana komawa gida da ƙura a ƙafa da 'yan canji a gefen zane, shi kuwa albashi yake ɗauka a ƙarshen wata, har da mota. Abin da muke so uwargida ta tsaya ta duba shi ne, basirar da aikin nan biyu ke bukata iri ɗaya ce, kuma 'ya'yanmu mata sun riga sun same ta tun suna ƙanana. Mu ne dai ba mu san darajarta ba.

Ki lura da 'yar talla wadda ta ƙware. Ta san ba a kai fura tasha da asuba, ba a kai koko da azahar. Ta san motar da ta taso daga Ƙaura Namoda mutanenta sun karya kumallo, ta san wadda ta biyo daga Jibiya da rana tsaka ƙishirwa ke damun na cikinta. Tana da kira nata na kanta, da murya da ja, wanda ko daga bayan katanga aka ji an san ita ce. Ta san wa za ta yi wa gyara don ya dawo gobe, ta san wanda in ta ba shi bashi ta yi sallama da kuɗin. Ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata. To, waɗannan abubuwa su ne ake ba manyan sunaye a makarantun kasuwanci, watau sanin mai saye, da sanin lokaci da wuri, da yi wa kaya suna da alama, da riƙe abokin ciniki. Haka nan dillaliya, wadda ke shiga gida gida da atamfa da tasoshi, ta san wace ce ke shirin aurar da 'ya, wace ce ta kusa kwasar adashi, ta kuma san la'adarta tun kafin ta buɗe ƙulli.

Baƙi ma sun ga wannan. Wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, a 1969 ta buga bayani a kan cinikin da matan kulle ke yi a cikin gidajensu, ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Ta nuna cewa hatsi da abinci masu yawa suna sauya hannu ba tare da sun taka kasuwa ba, yara ne ke haɗa wannan gida da wancan. Marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa kuwa, wadda ta rasu a 2013, ta ƙare rayuwarta tana zuga mata su kama sana'a. Saboda haka ba yau Bahaushiya ta fara ciniki ba, kuma ba wanda zai zo ya koya mata riba da faɗuwa.

Amma fa akwai wadda ke biyan kuɗin wannan ciniki, ita ce yarinyar. Sa'ar da take tasha ita ce sa'ar da ake kiran suna a aji. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ce kowane yaro a Nijeriya ya yi shekara 9 a makaranta, kyauta kuma dole, amma kowa ya san yadda azuzuwan mata ke raguwa ran kasuwa. Ban da haka, zamanin ya sake. Hanyar da ta tashi daga Ƙaura ta bi ta Zurmi da Gurbin Bore ta faɗa Jibiya, wadda dā mutane ke bi dare da rana, shekarun nan ta sha ganin 'yan bindiga. Kowace uwa a Zamfara tana tune da Jangebe, inda a watan Fabrairu na 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga ɗakin kwanansu na makaranta. Mun san wasu iyaye sun riƙe wannan hujja sun cire 'ya'yansu daga makaranta, kuma ba mu raina tsoronsu ba. Sai dai muna tambaya: yarinyar da aka ji tsoron barinta a aji, yaya aka yi ba a ji tsoron barinta a bakin titi da magariba ba, tsakanin direbobi da 'yan kamasho da wanda ba a san daga ina ya fito ba?

Mun san amsar da za a ba mu, kuma amsa ce mai nauyi. Za a ce da kuɗin tallar nan ake tara mata kayan ɗaki, da shi ake sayen sabulu da gishiri, wani gidan ma da shi ake ɗora tukunya, balle gidan da gona ta gagara zuwa. Wanda ya ce wa uwa ta daina ɗora talla bai nuna mata inda za ta sayar da kayanta ba, surutu kawai ya yi. Don haka ne muke cewa a sauke faifan, amma kada cinikin ya tsaya. Abin da ya sa aka ɗora wa yarinya talla tun asali shi ne uwa ba ta fita, kayanta kuma ba su da baki. Yanzu wayar hannu ta ba su baki. Matar da ke cikin ɗakinta a Shinkafi tana iya ɗaukar hoton man gyaɗarta, ta sa a WhatsApp, matan unguwa da dangi na Gusau da Kano su gani a sa'a guda. Wadda ba ta karanta boko ba sai ta yi magana a naɗa, ta aika da muryarta. Mai so ya aiko, ko yaro ya kai bayan an tashi makaranta, gidan da aka sani, kafin rana ta faɗi.

Kada dai a jingina ga waya ita kaɗai. A watan Satumba na 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako-mako na jihar, har da babbar kasuwar Shinkafi, aka kuma katse layukan waya baki ɗaya, wasu wurare suka yi watanni ba a ji ɗuriyarsu ba. A irin wannan lokaci abin da ke riƙe mai sana'a shi ne sunanta, watau a ce daddawar gidan wance, a tako har zaure a saya. Sunan nan kuwa da kyawun kaya ake yinsa, da cika mudu, da faɗin aibin kaya in akwai, kamar yadda addini ya umarta. Muna faɗin haka ne don mun ga yadda wasu ke cika waya da tallar mayukan sauya fata da haɗe-haɗen da aka ce suna maganin kowace cuta. Wannan yaudara ce, kuma mai yinta kasuwa ɗaya take ci.

Yanzu ku 'yan makaranta, ku matso, da ku muke.

Aikin talla sana'a ce mai zaman kanta a ƙasar nan tun 1928, sa'ad da aka kafa kamfanin West African Publicity, wanda daga baya ya zama Lintas. A 1988 aka kafa hukumar APCON don lura da masu wannan aiki, a 2022 kuma sabuwar doka ta maye ta da ARCON. Hukumar nan ita ke yi wa ma'aikata rajista, kuma tana da kwamitin da ke duba talla kafin a sake ta ga jama'a. Daga ranar 1 ga Oktoba 2022 ta hana amfani da fuska ko muryar baƙin waje a tallar da aka nufi 'yan Nijeriya da ita. Ma'anar wannan ita ce aikin ya dawo hannun 'yan ƙasa. To, a cikin 'yan ƙasar, wa zai yi wa miliyoyin masu jin Hausa magana?

Ku kasa kunne ga rediyo yau da dare, ku saurari tallace-tallacen manyan kamfanoni. Za ku ji wasu da aka tsara da Turanci a Kudu, sa'an nan aka juyo su Hausa kalma bayan kalma, suna ɗingishi. Za ku ji ana tallar kayan miya da maganar da ba wata mace da ta taɓa yi a madafa. Dalili kuwa shi ne, yawancin kayan da ake talla, sabulu ne, da garin wanki, da dunƙulen miya, da madarar yara, da atamfa, mace ce ke zaɓensu, amma ba safai ake samun Bahaushiya a teburin da ake tsara maganar ba. Gidajen da za a yi aikin kuwa sun yawaita. Dā Rediyon Kaduna ne kowa ke ji tun daga 1962, yanzu ga Freedom Radio da aka buɗe a Kano a 2003, ga tashar Arewa24 tun 2014, ga gidajen rediyon jihohi, ga masana'antar fim ta Kano. Da yawansu da talla suke rayuwa. Ana bukatar mai rubuta maganar, da mai karanta ta da murya mai daɗi, da mai zane da ɗaukar hoto, da mai shiga gidaje ta tambayi mata me suke saye, don me. Wannan na ƙarshe namiji ba ya iya yinsa a ƙasarmu, gama ba a barinsa ya wuce zaure.

Hanyar ba ɓoyayya ba ce. Ki riƙe Hausa da Turanci da lissafi da kyau, musamman Hausa, kada wani ya ce miki darasin ragwaye ne, ita ce jarinki. Ki gama sakandare, ki zauna jarrabawar JAMB. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya nan a Ƙaura Namoda tun 1983, ana koyar da fannonin kasuwanci, shekara 2 a sami ƙaramar difloma, a yi shekara guda ana koyon aiki, sa'an nan wasu 2 a sami babba. Ga Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, ga Jami'ar Bayero a Kano wadda ta daɗe da suna a koyar da aikin jarida da watsa labarai. Ƙaura dai garin ciniki ne tun da jirgin ƙasa ya iso a 1929 ana lodin gyaɗa da auduga, ba abin mamaki ba ne 'yarta ta yi karatun ciniki.

Kuma ba sai kin jira takardar shaida za ki fara ba. Fara da kayan mahaifiyarki. Sami littafi, rubuta wa ƙuli-ƙulinta talla da kalmomi 20 kacal. Za ki ga da wuya, domin sai kin zaɓi abu ɗaya tak da ya bambanta shi da na maƙwabta, ko ƙamshi, ko yaji, ko cewa ba ya karya haƙori, ki bar sauran. Karanta wa kakarki, in ba ta gane ba ko ba ta yi murmushi ba, sake rubutawa. Yi wa kayan suna gajere mai daɗin faɗa. In za ki ɗauki hoto, ki ɗauka da hantsi a inuwa, a kan tsabtataccen faifai ko farin ƙyalle, ki kawar da takalma da bokiti daga baya. Ki sa kuɗin a fili, mutane ba su son tambaya. Sa'an nan ki riƙa rubuta abin da aka sayar kowace rana, don ki gane wace magana ce ta jawo ciniki, wace ce ta tafi a banza. Wanda bai ƙirga ba bai san ko tallarsa ta yi aiki ba, ko da a Ikko yake. Abu ɗaya muke gargaɗi a kai: kada ki sa fuskarki ko ta ƙannenki, kada ki bayyana kwatancen gida ga wanda ba a sani ba. Halin da ake ciki bai ba da wannan ba.

In kin yi wa uwa ya yi kyau, maƙwabciya mai ɗinki za ta nema, mai turaren wuta za ta nema, makarantar Islamiyya mai neman ɗalibai za ta nema. Ki yanka ladanki tun kafin ki fara, kamar yadda dillaliya ke yi, ko da kaɗan ne, kuma da sanin iyayenki. Ki adana kowane aiki da kika yi, domin ranar da za ki nemi gurbin koyon aiki a gidan rediyo ko kamfani, abin da za a fara tambaya ke nan: nuna mana abin da kika taɓa yi.

Ke kuma uwargida, ki zauna da maigida ku yi wannan shawara cikin natsuwa, gama ba za ta yiwu ba sai da yardarsa, kuma shi ma ya san tsadar kayan ɗaki. A gwada ko da zango ɗaya ne na karatu: yarinya ta tafi aji da safe, da yamma ta zauna kusa da ke ta riƙe littafin ciniki da waya. In an yi hutu sai ku buɗe littafin tare, ku gwada abin da ya shigo da abin da faifai ke kawowa dā. Muna roƙon waɗanda suka gwada, daga Zurmi ko Shinkafi ko Ƙaura ko wani wuri, su rubuto wa wannan fili su gaya mana yadda lissafin ya kasance, ko riba ko faɗuwa, za mu buga don sauran 'yan'uwa su gani.