Nas ɗin kamfani: mu tambayi lasisinta tun kafin ranar tsautsayi



Da yawa daga cikinmu mazauna Kudu da ƙarfin jikinmu muke cin abinci. Akwai masu aiki a masana'antun Ikeja da Agbara da Sango Ota, akwai 'yan lodi a tashar jiragen ruwa ta Apapa, ga masu fasa dutse da masu narkar da ƙarfe. A manyan wuraren nan sau da yawa za ka tarar da ɗan ɗakin shan magani, da wata mai farar riga da kowa ke kira nas. A ganinmu lokaci ya yi da za mu fara tambaya: shin tana da rajista? Kuma ta karanci fannin kula da lafiyar ma'aikata?

A Najeriya hukuma ɗaya ce ke da ikon yi wa nas rajista, wato Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma, NMCN, wadda aka kafa da doka mai lamba 89 ta 1979. Ita ke shirya jarrabawa, ita ke ba da lasisi, kuma lokaci-lokaci ake sabunta shi. Jinyar ma'aikata kuwa fanni ne mai zaman kansa, sai mutum ya zama cikakken nas sannan ya ƙaro karatu a kai. Asibitin koyarwa na UCH da ke Ibadan yana da makarantar wannan fanni. Wadda ta koyi yin allura da ɗaura ƙarin ruwa a asibitin kuɗi kawai, hukumar ba ta san da zamanta ba, komai daɗewarta a aikin.

Wani zai ce to mene ne a ciki, tunda Panadol da bandeji ne kawai ake bayarwa? Ai matsalar ke nan. Cutar wurin aiki ba ta yin sallama. Ƙurar dutse a hankali take taruwa a huhu, sai bayan shekaru numfashi ya fara gagara. Ƙarar inji tana cin kunne kaɗan-kaɗan har mutum ya kurumce. Gubar dalma da ke cikin tsofaffin batura tana shiga jini, ta taɓa ƙoda da ƙwaƙwalwa, har a kai ta gida a jikin tufafi ta sami yara. Nas ɗin da ta karanci fannin ta san a gwada ji da numfashin ma'aikaci tun ranar da aka ɗauke shi, a buɗe masa fayil, a riƙa maimaita gwajin ana kwatantawa. Ta kuma san ta zagaya cikin masana'anta ta ce a rage ƙura, a ba da takunkumi da abin toshe kunne.

Sai maganar diyya. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun hukumar NSITF, ba tare da ya cire daga kuɗin ma'aikaci ba. Wanda ya ji rauni yana da kwana 14 ya sanar da kamfani, kamfani kuma ya kai rahoto cikin kwana 7, sannan a nemi diyya cikin shekara ɗaya. Duk wannan a kan takarda yake tafiya, kuma rubutun farko a ɗakin shan maganin nan ake yin sa. Idan inji ya datse yatsa aka rubuta ba daidai ba, ko ba a rubuta ba sam, da wace hujja za a nemi haƙƙi?

A nan rajista take da babban amfani. Nas mai lasisi tana da hukumar da za ta hukunta ta, har ta soke sunanta, idan ta rubuta ƙarya. Saboda haka ko manaja ya matsa mata ta ɓoye rauni, tana da dalilin cewa a'a. Marar rajista kuwa ba ta da madogara sai wanda ke biyanta, abin da ya ce shi za ta rubuta.

Mun san ƙananan kamfanoni za su ce ba su da halin ɗaukar ƙwararriya, ga shi nas-nas suna ta ficewa ƙasashen waje. Uzurin yana da ƙamshin gaskiya, amma yana da mafita. Kamfanoni uku ko huɗu da ke unguwa ɗaya za su iya haɗa kuɗi su ɗauki guda, ko su ƙulla yarjejeniya da asibiti mai rajista.

Saura namu. Ma'aikaci shi kaɗai yana tsoron tambaya don kada a sallame shi, don haka sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin ma'aikata su ɗauki nauyin tambayar a madadinmu, cikin mutunci, kuma a rubuce. Wanda ya ji rauni ya tabbatar an rubuta ranar da yadda abin ya faru, ya nemi kwafi ya adana. Yaranmu maza da mata da suka gama karatun jinya kuma mu nuna musu wannan fanni, domin mai jin yarenka ya fi saurin gane inda ke maka ciwo.

Matambayi ba ya ɓata. Allah Ya tsare mu a wuraren neman halal ɗinmu, amin.