Kayan Sallah: Kowa Ya Yi Daidai Ƙarfinsa

Ya 'yan'uwa Musulmi, tun da aka janye tallafin man fetur a shekarar 2023, darajar naira ta faɗi, kuɗin shadda da atamfa da leshi ya hau. Duk da haka muna ganin magidanta suna cin bashi domin anko da gasa da maƙwabta, alhali ba su tanadi hatsin zakkar fidda kai ba.

Lalle yin ado ranar Idi sunna ne, amma abin da ake nema shi ne mutum ya sa mafi kyawun tufafinsa, ba lalle sai sabo ba. Aya ta 31 cikin Suratul A'araf, wadda ta yi umurni da ado, ita ce kuma ta hana almubazzaranci.

Saboda haka muna kira da a shiga kasuwa, Kantin Kwari ta Kano ko waninta, tun cikin Sha'aban, kafin kaya su ƙara tsada, ɗinki ya yi wa teloli yawa. A fara da yara: turmi ɗaya, yadi 6, ya ishi ƙananan 'yan mata biyu. Wanda Allah Ya hore wa, ya tuna da marayun unguwarsa. Goman ƙarshe na Ramadan lokacin ibada ne, ba na zarya a shagon tela ba.

Allah Ya sa mu dace, amin.