Tagwayen Taurarin Groombridge 34 da Ladabin Karɓar Labari

Da wuya wata guda ya shuɗe a wannan zamani ba a ji a rediyo ko an karanta a jarida cewa masana ilmin falaki sun gano wata sabuwar duniya a can cikin sararin samaniya ba, kuma duk sa'ad da irin wannan labari ya zo, sai ka tarar jama'armu sun rabu gida biyu: waɗansu su haɗiye shi ɗungurungum, har su shiga lissafin ranar da 'yan Adam za su yi ƙaura zuwa can, waɗansu kuwa su tofar da shi tun bai kai musu maƙogwaro ba, su ce ai tatsuniyar Turawa ce kawai. A ganina dukkan ɓangarorin biyu sun saki hanya, domin mai gaskatawa ba da hujja ba da mai ƙaryatawa ba da hujja ba, kasala iri ɗaya ce ta hana su bincike, alhali kuwa mu mutane ne da muka gaji ilmin tantance ruwaya daga malamanmu, bai kamata a same mu a ɗayan sahun biyu ba. Don in bayyana abin da nake nufi, zan ɗauki ƙissar waɗansu taurari biyu maƙwabtanmu, waɗanda ake kira Groombridge 34, ko kuma Gliese 15.

Waɗannan taurari suna cikin rukunin da Turawa ke kira Andromeda, wanda malaman falaki na Musulunci suka sani da suna Almar'atul Musalsala, kuma Abdurrahman Assufi ya siffanta shi a littafinsa na surorin taurari wajen shekara ta 964 Miladiyya. Amma Assufi, duk da kaifin ganinsa, bai ga waɗannan biyu ba, kuma ba zai yiwu ya gan su ba, gama haskensu ya gaza abin da ƙwayar ido ke iya riska. Sai da madubin hangen nesa ake samunsu. Ga wanda ke Kano ko Zinder, wannan yanki na sama yakan tsaya can bisa ta wajen arewa bayan sallar lisha a watan Nuwamba, lokacin da sanyin hunturu ya fara shigowa. Nisan da ke tsakaninmu da su tafiyar haske ce ta shekara 11.6, wato kimanin kilomita tiriliyan 110, kuma duk da girman wannan adadi, a ma'aunin samaniya 'yan unguwarmu ne, don taurarin da suka fi su kusa da rana ba su da yawa.

Dukkansu biyu daga jinsin ƙananan jajayen taurari suke. Babban cikinsu nauyinsa bai kai kashi biyu cikin biyar na nauyin rana ba, ƙaramin kuwa wajen kashi ɗaya cikin shida ne. Hasken da babban ke fitarwa kimanin kashi biyu ne cikin ɗari na hasken rana, zafin fuskarsa kuma wajen digiri 3,300, inda na rana ya kai 5,500, kuma wannan ƙarancin zafi shi ya ba shi launin ja. Abin da ya fi tsaya mini a rai game da wannan jinsi shi ne, kusan kashi uku cikin huɗu na taurarin da ke cikin gungun da ranarmu take ciki irinsu ne, amma duk da haka idan mutum ya fita fili da daddare ya ɗaga kai, taurarin da zai gani ba su ba ne, har da Proxima Centauri wanda ya fi kowane tauraro kusa da mu ba ya ganuwa. Ashe mafi yawan abin da ke bisa kanmu ɓoyayye ne ga ido, abin da muke gani 'yan tsiraru ne masu ƙyalli. Kuma saboda a hankali suke ƙona makamashinsu, hisabi ya nuna rayuwarsu takan kai ɗaruruwan biliyoyin shekaru, har tiriliyoyi ga mafi ƙanƙanta, alhali ranarmu an ƙiyasta mata biliyan goma ne. Tsarki ya tabbata ga Mai ƙudurar da ya ƙaddara wa kowane abu gwargwadonsa.

Sunan da suke ɗauke da shi na wani attajiri ne na Ingila, Stephen Groombridge, wanda sai da ya haura shekara hamsin a duniya sannan ya kafa na'urar awo a gidansa da ke Blackheath kusa da Landan, a 1806, ya duƙufa yana auna matsayin taurarin arewa ɗaya bayan ɗaya yana rubutawa, ya kwashe wajen shekara goma yana awo, ya ƙara kusan waɗansu goma yana gyaran lissafi, har ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a 1832 bai ga littafinsa a buge ba. Sai a 1838 aka fitar da shi, da taurari 4,243 a ciki, namu kuwa shi ne na talatin da huɗu a jeri. Bai san akwai duniyoyi a gefen wannan ɗigon haske ba, bai kuma nemi ya sani ba; amana aka ba shi ta awo, ya riƙe ta.

To, ta yaya aka san da duniyoyin, tun da tauraron kansa da ƙyar ake ganinsa? Ba a gan su ba, kuma wajibi ne a faɗi wannan a fili, domin nan ne masu labari suka fi ɓatar da mutane. Dalili aka kafa daga alama. Duniya idan tana kewaya tauraro, kamar yadda yake janta haka ita ma take jansa, sai ya riƙa ɗan rangaji, ya matso wajenmu kaɗan, ya koma baya kaɗan. Idan ya matso, launukan haskensa sukan gusa zuwa ɓangaren shuɗi, idan ya ja da baya su gusa zuwa ɓangaren ja, kuma akwai na'urori masu rarraba haske da ke iya auna wannan gushi. Rangajin babban tauraron Groombridge 34 bai kai mita uku a sakan ɗaya ba. Mai karatu ya dubi wannan da idon basira: motsi ne ɗan ƙanƙane haka ake son a gane daga nisan kilomita tiriliyan 110, ta cikin iskar duniyarmu mai rawa, a jikin tauraron da shi kansa ba natsattse ba ne, domin dukkan tagwayen nan biyu an san su da yin tartsatsin wuta farat ɗaya, kuma tabon da ke fitowa a fuskar irin waɗannan taurari, yana juyawa tare da su, yakan haifar da alama mai kama da ta duniya har ta yaudari mai awo.

A watan Agusta na 2014, Andrew Howard da abokan aikinsa, bayan sun tara awo na shekaru masu yawa da madubin Keck da ke kan dutsen Mauna Kea a tsibirin Hawai, suka ba da sanarwar cewa akwai wata duniya da ke kewaya babban tauraron sau ɗaya a kwana 11.4, nauyinta aƙalla ya ninka na duniyarmu sau biyar da 'yan kai. Aka karɓa, aka shigar da ita cikin jerin duniyoyin da suka fi kusa da mu. Sai a ƙarshen 2017 wata jama'a ta masana, ƙarƙashin Trifon Trifonov, masu aiki da na'urar CARMENES a Calar Alto cikin ƙasar Andalus ta Sifen, suka fito suka ce su kam sun duba ba su sami wannan alama ta kwana goma sha ɗaya a awonsu ba, don haka suna shakkar samuwarta. Amma kuma suka ce sun hangi wani motsi dabam, mai jinkiri ƙwarai, wanda ke nuna wata duniya mai nisa da ba a ambata ba. Shaida ya ci karo da shaida ke nan. A 2018 Matteo Pinamonti da jama'arsa suka kawo awo na uku daga na'urar HARPS-N da ke tsibirin La Palma, suka haɗa shi da na Keck wanda ya ƙara tsawo, sai ga duniyoyin biyu sun fito tare: ta kusa tana nan, sai dai nauyinta ya sauko zuwa kimanin ninki uku na duniyarmu, ta nesa kuwa aƙalla ninki 36, tana cika kewayenta a wajen kwana 7,600, wato shekara ashirin da ɗoriya.

Wannan tafarki ba baƙo ba ne ga wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin azumi. A mazhabarmu ta Malikiyya ba a tsayar da wata ga jama'a da faɗar mutum ɗaya, sai adalai biyu ko jama'a mai yawa wadda ba a zaton haɗuwarta a kan ƙarya. Kuma har bayan an karɓi shaidar adalan biyu an ɗauki azumi, ba a rufe babin ba, domin idan aka cika kwana talatin, sama na garau, aka nemi jinjirin wata aka rasa, to an gane shaidar farko ba ta inganta ba. Hikimar da ke cikin wannan hukunci ita ce, ana aiki da zato mai rinjaye ba tare da an ɗaukaka shi zuwa matsayin yaƙini ba, kuma ana barin ƙofa a buɗe ga abin da zai zo ya ƙarfafa shi ko ya rushe shi. Haka ya kamata a riƙi labarin kowace sabuwar duniya: a tambayi wa ya auna, da wace na'ura, tsawon wane lokaci, kuma ko wani dabam, a wani wuri dabam, ya auna ya sami daidai da haka.

Na san mai ƙaryatawa zai ce, to ga shi nan da bakinka ka faɗa, yau su ce akwai, gobe su ce babu. Gaskiya ne, har ma zan ƙara masa hujja. A 1963 Peter van de Kamp, masani mai daraja a Amurka, ya ce ya gano duniya a gefen tauraron Barnard, wanda shi ma ƙaramin ja ne, ya kuma tsaya a kan maganarsa shekara da shekaru, sai a 1973 aka nuna cewa rangajin da ya gani daga gyare-gyaren da aka yi wa madubinsa ya samo asali. A 2012 aka yi ta shela cewa an sami duniya mai nauyin tamu a gefen Alpha Centauri B, a 2015 aka sake bin lissafin aka tarar ba ta nan. Amma ina roƙon mai wannan magana ya lura da waɗanda suka tono kuskuren: ba masu zama a gefe suna cewa ƙarya ce ba ne, abokan sana'ar ne da suka koma ga awon, suka bi shi adadi bayan adadi. Samuwar ruwaya mai rauni ba ta taɓa zama dalilin watsi da ilmin hadisi ba, ita ce ma ta sa malamai suka kafa ƙa'idojin jarhi da ta'adili. Kuma kada a gauraya wannan fanni da duba ko bugun ƙasa, domin mai ilmin falaki ba ya da'awar sanin gaibu, ba ya cewa tauraro zai kawo wa wani arziki ko tsiya. Iyakarsa awon abin da Allah ya halitta, da hisabin tafiyarsa.

Mai saurin gaskatawa kuwa, shi ma ga nasa. Babu ɗaya cikin duniyoyin nan biyu da ta dace da zaman ɗan Adam. Ta kusa tazararta da tauraronta ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na tazararmu da rana ba, saboda haka, ko da yake tauraron mai rauni ne, zafin da ke sauka a kanta ya wuce wanda ruwa zai zauna a ƙasa. Ta nesa kuwa nauyinta ya ninka na duniyar Neptune sau biyu, tana can wajen nisan da Mushtari yake daga rana, a gaban tauraron da haskensa kashi biyu ne cikin ɗari na hasken rana, don haka duhu da sanyi ne gadonta. Ko adadin nauyin nan da ake faɗa mafi ƙarancin abin da zai yiwu ne, domin wannan hanya ta awo ba ta bayyana karkatar falakin duniyar. Ina ganin laifi ne babba ga mai jarida ya ɗauki irin wannan bayani mai cike da sharuɗɗa, ya datse sharuɗɗan, ya maƙala masa zanen da mai zane ya ƙaga da tekuna da tsaunuka, ya miƙa wa jama'a kamar hoto ne aka ɗauko. Wanda aka yi wa haka sau biyu sau uku, ya gane daga baya, shi ne gobe zai shiga sahun masu ƙaryata kome.

Saura batun lokaci, wanda shi ne ya fi wuyar haƙuri. Awon da aka dogara da shi wajen duniya ta nesa ya fara ne a ƙarshen shekarun 1990, wato da ƙyar ya rufe kewaye guda, kuma mai hankali ba ya yanke hukunci a kan al'adar abu daga gani ɗaya. Kafin a ga kewaye na biyu ya cika sai wajen ƙarshen shekarun 2030, lokacin da da yawa cikin waɗanda suka fara aikin sun ajiye shi. Tagwayen kansu, waɗanda matsakaiciyar tazarar da ke tsakaninsu ta ninka nisan Neptune daga rana kamar sau uku, tun tsakiyar ƙarni na 19 ake bin sawunsu, amma abin da aka gani na zagayen da suke yi wa juna ɗan guntun baka ne, shi ya sa a da aka ƙiyasta shi shekara 2,600, daga baya aka dawo da shi wajen 1,200, kuma za a ci gaba da gyara wannan adadi gwargwadon yadda awo ya ƙaru. Abin da nake nema ga editocinmu da masu fassara labarai a gidajen rediyo shi ne, duk ranar da sabon bayani ya fito a kan waɗannan taurari ko waɗansunsu, su kawo shi tare da isnadinsa, su faɗi ko na'ura ɗaya ce ta gani ko biyu, su bambanta wa mai sauraro abin da aka auna da abin da aka ƙiyasta, kuma idan daga baya aka janye wata magana, su ba janyewar fili daidai da wanda suka ba sanarwar farko.