Hular Da Ake Sa Wa Furotin

Kwanakin baya wani ɗalibi ya tambaye ni amfanin binciken da ba ya warkar da kowa a yau. Ga amsata.

A cikin ƙwayoyin jikinmu, kusan kashi 80 cikin 100 na furotin ana ɗora musu wani ɗan sinadari a kai, mai suna asetil, tamkar hula. Hular kan shafi inda furotin zai zauna da tsawon kwanansa. Masu ɗora ta wasu enzayim ne, wato sinadaran da ke hanzarta ayyukan jiki, kuma yawancinsu suna aiki ne tun ana ƙera furotin ɗin.

A 2011 aka gano wani daga cikinsu, NAA60. A 2015 masana a Jami'ar Bergen ta ƙasar Norway, a ɗakin binciken Thomas Arnesen, suka nuna cewa shi dabam yake. Mazauninsa jikin Golgi ne, sashen ƙwaya da ke shirya furotin yana aika su inda za su yi aiki, kamar tashar lodi. Aikinsa shi ne sa wa furotin da ke kafe cikin tantanin ƙwaya hula. Da aka rage shi, sai Golgi ya wargaje.

A lokacin babu majinyacin da wannan sani ya amfana. Amma a 2024 aka tabbatar cewa lahani a ƙwayar gadon NAA60 yana jawo taruwar kalsiyam a ƙwaƙwalwa, cutar da kan kawo matsalar motsi da ta tunani. Kamar sikila, sai an gaji lahanin daga uwa da uba. Binciken ya danganta cutar da wani furotin na tantani mai shigar da fosfet cikin ƙwaya, wanda NAA60 ke sa wa hula. Iyalan da suka daɗe ba su san tushen ciwonsu ba, yanzu gwaji zai iya faɗa musu.

Shekara 13 ke nan tsakanin ganowa da amfani. Da masu ba da kuɗin bincike sun ƙosa a shekara ta uku, da iyalan nan suna cikin duhu har yau. Shi ya sa nake roƙon hukumomin jami'o'inmu su daina auna kowane bincike da ribar bana. Mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.