Ra'ayinmu: Teku Na Cin Hanyar Fatauci, A Riƙa Ɗaukar Hotonta Da Kwanan Wata

Sanin kowa ne cewa da wuya ɗan kasuwarmu ya sauka Kwatano, Lome ko Tema ya koma gida bai leƙa bakin teku ba. Kafin takardun kaya su fito, mutum kan yi kwana uku ko huɗu, wani lokaci ma mako guda, yana zaman jira. To da la'asar sai a ɗunguma zuwa bakin ruwa, a gyara zaman hula, abokin tafiya ya ɗauki hoto da wayar salula, a aika wa iyali a Maraɗi, Birnin Ƙonni, Gaya ko Jibiya. Babu laifi a cikin wannan. Wanda ya tashi a ƙasar da babban ruwanta shi ne gulbi ko tabki, dole ya so nuna wa 'ya'yansa ruwan da ba a hango ƙarshensa.

Abin da wannan jarida take son jawo hankalin masu karatu a kansa shi ne, akasarin waɗannan hotuna fuskar mai su ce ta cika su. Ba a san a ina aka ɗauka ba, ba a san ranar ba, kuma da zarar waya ta cika sai a goge su. Alhali kuwa wurin da aka tsaya ɗin, mai yiwuwa ne nan da 'yan shekaru babu shi, domin teku tana cin ƙasa tun daga gabashin Gana har zuwa Legas, kuma ta wannan gaɓa ce hanyar da muke bi da kayanmu ta ratsa.

Ga yadda lamarin yake. A wannan gaɓa igiyar ruwa tana tura yashi ne daga yamma zuwa gabas, dare da rana. Muddin sabon yashi yana zuwa ya maye gurbin wanda ya tafi, bakin teku na nan inda yake. Kogin Volta ne ke kawo kaso mai yawa na yashin, sai aka kammala madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, yashin da ya saba gangarowa ya riƙa kwantawa a bayan madatsar. Haka ya faru da kogin Mono da aka datse a Nangbeto a 1987. Bugu da ƙari, an buɗe tashar jiragen ruwa ta Kwatano a 1965, ta Lome kuma a 1968, kowacce da doguwar katangar duwatsu da ta kutsa cikin ruwa. Katangar tana tare yashin da ya taso daga yamma. Shi ya sa mai tsayawa a tsakiyar birnin Lome yake ganin fili fetal na rairayi da itatuwan kwakwa, amma da zarar ya wuce tashar ya nufi gabas, wajen Baguida da Agbodrafo, sai ya tarar ruwa yana dukan gindin gidaje. A kan duk wannan kuma ga haƙar yashi don gini, ga ƙaruwar tsayin ruwan teku da ɗumamar duniya ta haddasa.

Ya kamata mu faɗi gaskiya ko da ba daɗi: tashoshin nan da muke cin abinci da su suna cikin musabbabin wannan ɓarna. Kwantenar shinkafa, atamfa ko kayan gwanjo da ta iso kasuwar kan iyaka ta biyo ta wata katanga da ta hana wani ƙauyen masunta yashinsa. Ba muna cewa a rufe tasha ba ne, wa zai ce haka? Muna cewa ne ɗan kasuwa ba ɗan kallo ba ne a wannan magana.

Kuma asarar tana iya dawowa kansa kai tsaye. Babbar hanyar da ta tashi daga Abijan ta nufi Legas, mai tsawon kimanin kilomita 1,000, ta ratsa ƙasashe 5, kuma a wurare da dama tsakanin Aflao da Hillacondji mai mota yana tafiya yana hangen kumfar ruwa. Tsohuwar kwaltar Lome zuwa Aneho tana cikin teku a yanzu, an sake matsar da hanyar zuwa tudu ne bayan ruwa ya cinye ta baya. A Keta ta ƙasar Gana, garin da ya yi suna a harkar ciniki tun zamanin Turawa, ruwa ya kwashe unguwanni, ya kuma rushe mafi yawan ganuwar Prinzenstein da mutanen Denmak suka gina a 1784. An yi wa Keta katangar kariya a farkon shekarun 2000, garin ya samu sauƙi, sai cin ƙasar ya matsa gabas zuwa ƙauyukan da ke tsakaninsa da Aflao. A watan Nuwamba na 2021 ambaliyar teku ta raba dubban mutane da gidajensu a wannan yanki, ta kuma sake afka wa Agavedzi da maƙwabtanta a 2025. Wani rahoto da Bankin Duniya ya fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa zaizayar gaɓa da ambaliya da gurɓatar muhalli sun jawo wa Benin, Togo, Kodibuwa da Senegal asarar dala biliyan 3.8 a shekarar 2017 kaɗai, wato kashi 5.3 cikin 100 na abin da tattalin arzikinsu ya samar. 'Yan kasuwar Nijar kuwa sun riga sun ɗanɗani abin da toshewar hanya guda ke haifarwa, tun da aka rufe gadar Gaya da Malanville a 2023, kaya da yawa suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, kuɗin mota ya tashi, farashi ya bi shi.

To ina ruwan hoto da wannan? Hausawa sun ce gani ya kori ji. Teku ba ta cin ƙasa da rana guda, kaɗan-kaɗan take yi, yau ta ɗauki itacen kwakwa, baɗi ta ɗauki katanga, har mutum ya manta inda ruwa yake a da. Idan dattijo ya ce a nan kasuwa take ci lokacin ƙuruciyarsa, ya nuna tsakiyar ruwa, jami'in da ya zo daga babban birni yana iya gyaɗa kai kawai ya wuce. Amma idan aka ajiye masa hotuna biyu na wuri ɗaya, ɗaya na shekara biyar da suka wuce, ɗaya na jiya, gardama ta ƙare. Mai ɗaukar hoto ɗan Gana, Nyani Quarmyne, ya ɗauki mutanen ƙauyen Totope da ke kusa da Ada a cikin gidajensu da yashi ya binne, hotunan suka zagaya duniya suka sa aka san da ƙauyen. Farfesa Kwasi Appeaning Addo na Jami'ar Gana ya yi amfani da ƙaramin jirgi maras matuƙi yana ɗaukar ƙauyen Fuveme lokaci bayan lokaci, har aka iya auna yawan ƙasar da ta salwanta. A Ostareliya ma, a 2017, masana suka fito da wani tsari mai suna CoastSnap, inda ake kafa ɗan ƙarfe a bakin teku, duk mai wucewa ya ɗora wayarsa a kai ya ɗauki hoto ya aika. Tun da daga wuri ɗaya ake ɗauka, sai a jera hotunan a ga yadda gaɓar ke matsawa. Babu wata na'ura mai tsada a cikin wannan, wayar talakawa ce.

Mu kuwa muna da abin da masanan ba su da shi, wato yawan zirga-zirga. Akwai ɗan kasuwar da ke sauka Lome duk wata, shekara goma ko ashirin, a masauki ɗaya yake kwana, ta hanya ɗaya yake bi. Irin wannan mutum in ya zaɓi wuri guda ya riƙa ɗaukarsa duk zuwa, cikin shekara uku ya tara shaidar da wani ofishi bai da ita.

Sai dai hoton da zai yi amfani yana da sharuɗɗa, kuma ba masu wuya ba ne. A sa wani abu tsayayye a ciki: kusurwar gini, turken lantarki, bakin kwalta ko rijiya. Hoton ruwa da sama kawai, komai kyansa, ba ya nuna ko teku ta matso ko ba ta matso ba. A tsaya a wuri ɗaya kowane zuwa, a fuskanci ɓangare ɗaya, a daidaita waya yadda layin da ruwa ya haɗu da sama zai miƙe sak, kada ya karkace. Haske ya fi kyau da hantsi ko bayan la'asar. Da tsakar rana rairayi yana ƙyalli ya wanke hoton, mutane kuma su fito baƙi ƙirin. Mai fuskantar teku a wannan gaɓa kudu yake kallo, rana na fito masa ta hagu ta faɗi ta dama, saboda haka da safe ya fi kyau ya ɗauki gaɓar yana duban yamma, da yamma kuma yana duban gabas, hasken ya kasance a bayansa. A lokacin hunturu hazo kan rufe nesa, sai a matsa kusa da abin da ake son nunawa. Iskar teku tana ɗauke da gishiri, takan bar danshi a idon kyamara, a goge shi da tsumma mai laushi kafin a ɗauka, a kuma tsare waya daga yashi.

Akwai kuma batun cika da janyewar ruwa, wanda mutumin tudu bai saba da shi ba. Teku tana cika sau biyu ta janye sau biyu a kowane yini, kuma cikar ta fi yawa a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen daren sha huɗu. Mu da muke bin lissafin wata wannan ba zai ba mu wuya ba. In aka gwada hoton da aka ɗauka ruwa ya cika da wanda aka ɗauka ya janye, za a yi zaton teku ta ci ƙasar da ba ta ci ba, saboda haka a rubuta sa'a tare da rana. Waya tana ajiye kwanan wata a cikin hoto, amma idan aka tura shi ta WhatsApp yadda aka saba, bayanin yakan goge, hoton kuma ya rage kyau. Dabarar ita ce a tura shi a matsayin takarda, a kuma rubuta sunan wurin da ranar a ƙarƙashinsa. Wanda ya fi muhimmanci a kai shi wurin masu wanke hoto, a rubuta bayanin a bayansa da biro. Waya tana ɓata, ana sace ta, tana faɗawa ruwa.

Nan kuma dole mu yi gargaɗi, domin kada neman hoto ya jawo abin da ya fi shi. Tekun Lome da Kwatano ba gulbin gida ba ce. Gaɓar tana da gangara, igiyar tana da ƙarfi, musamman daga Yuni zuwa Satumba, kuma ruwan da ya dawo da baya yana janye ƙafar mutum ko da bai kai masa gwiwa ba. Akasarinmu ba mu iya iyo ba, ga babbar riga da ke shan ruwa ta yi nauyi. Kada a ba wa teku baya don a fito da kyau, kada a hau duwatsun kariya, santsi gare su, kada kuma a tsaya a ƙarƙashin ginin da ruwa ya riga ya ci gindinsa.

Na biyu, ba ko'ina ake ɗaukar hoto ba. Tashar jiragen ruwa, barikin soja, fadar shugaban ƙasa da shingen kan iyaka wurare ne da ɗaga waya kawai kan jawo tambayoyi, wani lokaci a karɓe wayar. Iyakar Aflao da Lome a bakin ruwa take, mutum yana iya zaton teku yake ɗauka alhali ofishin jami'ai ya shiga hoton. Ɗan kasuwar da kayansa ke jiran sa hannu bai kamata ya sayi rigima da kuɗinsa ba. Na uku, masuntan da ke jan taru da matan da ke ƙyafe kifi ba kayan kallo ba ne, sana'arsu suke yi kamar yadda muke yin tamu. Wane ne cikinmu zai so baƙo ya tsaya a gaban rumfarsa yana ɗaukarsa ba sallama? A gaisa, a nemi izini, in an ƙi a haƙura. Haka nan wuraren bautar mutanen yankin da ake samu a bakin ruwa, musamman wajen Ouidah da Grand-Popo, a kiyaye su. Sau da yawa ma masuncin da aka gaisar shi ne zai nuna inda gidan ubansa yake a da, bayanin da ya fi hoton daraja.

Muna kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi, da sarakunan zango na Lome, Kwatano da Aflao, su naɗa wanda zai riƙa tattara irin waɗannan hotuna, har da tsofaffin da ke cikin akwatunan iyayenmu waɗanda suka yi fataucin goro da shanu zuwa kudu. Duk mai niyyar sayen fili ko kama hayar sito kusa da ruwa, ya fara neman hoton wurin na shekarun baya kafin ya biya kuɗi. Araha a bakin teku tana da dalili.

Su kuma mahukunta, akwai abubuwa biyu da ba za su ci musu kuɗi mai yawa ba. Su kafa alluna bayyanannu a inda aka hana ɗaukar hoto, yadda baƙo zai san iyakarsa, jami'i ma ya san tasa. Sannan ayyukan kariya da aka yi da tallafin Bankin Duniya tsakanin Agbodrafo da Grand-Popo a 2022 da 2023, inda aka jera duwatsu aka kuma zuba yashi, suna bukatar a sa musu ido shekara da shekaru, musamman ta gabashinsu, tun da an ga abin da ya biyo bayan katangar Keta. A kafa irin ƙarafan ɗora wayar nan a Aneho, Hillacondji da Aflao, a rubuta bayanin yadda ake amfani da su da inda za a aika hoton, cikin Faransanci, Turanci, Ewe da Hausa.